Yadda Kuɗin Gidanmu na Agege Suka Raba Mu

Ni haifaffiyar Agege ce a jihar Legas. A nan na yi wayo, a nan na yi karatun allo da na sakandare, a nan aka ɗaura mini aure, kuma gidan mahaifina na dawo bayan auren ya mutu. Mutane da dama a unguwarmu sun ji wani ɓangare na abin da ya same mu, kowa yana faɗin nasa da ƙari, shi ya sa na ga ya dace in bayyana yadda al'amarin ya gudana daga tushe. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa jinina ne, wasunsu kuma suna da 'ya'yan da ba su ji ba, ba su gani ba.

Mahaifinmu ya baro ƙauyensu da ke ƙasar Katsina bayan farin 1973, wanda ya ƙone amfanin gona ya kuma kashe dabbobi masu yawa a Arewa. Ya shiga jirgin ƙasa daga Kano ya sauka a tashar Agege, ba shi da kowa a Ikko sai wani ɗan garinsu da ke harkar goro a Zango. A wancan zamani Agege cibiya ce ta cinikin goro, inda Hausawa ke sayensa daga hannun manoman Yarabawa, a ɗaure shi huhu-huhu cikin ganye, a loda shi zuwa Kano da Sakkwato da sauran garuruwan Arewa. Baba ya yi dakon huhun goro har kafaɗarsa ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu, daga baya ƙarfi ya ragu ya koma aikin gadi. A 1982, zamanin mulkin Shagari, ya tattara abin da ya tara ya sayi rabin fuloti daga hannun wasu iyalan Yarabawa a gefen unguwa, wurin da ba wanda ke sha'awa saboda ruwa yana kwanciya a cikinsa da damina. Ɗaki ɗaya ya fara ginawa, sannan yana ƙarawa gwargwadon abin da Allah ya hore, har suka zama ɗakuna shida masu fuskantar juna, da rijiya a tsakar gida da banɗaki ɗaya.

Mu huɗu ne a wurinsa. Yayanmu ɗan matarsa ta fari ne, wadda ta rasu tun yana ƙarami, Inna ce ta raine shi. Sai ni, sai ƙanwata, sai Autanmu wanda aka haifa bayan an fara cire rai da haihuwa. Ɗakuna uku muke ciki, uku kuma Baba ya ba 'yan acaɓa haya. Inna tana koko da ƙosai da safe, da dare ta tuƙa tuwo ta sayar wa 'yan hayar da abokansu. Ni ina ɗinki da keke mai ƙafa, Yaya kuma yana acaɓa tsakanin Agege da Ikeja. Ba zan yabi talaucin da muka yi ba, domin na san ɗacinsa. Kwanon ɗakin Inna yana yoyo, sau da yawa an koro ƙanwata daga makaranta saboda kuɗi, maganin hawan jinin Baba kuwa rabi-rabi ake saye. Amma duk da haka muna kwana ƙofa a buɗe lokacin zafi, ba wanda ya taɓa tunanin akwai abin da zai nema a gidanmu, kuma ban taɓa jin Yaya ya bambanta ɗakin da ya fito da wanda muka fito ba.

Canji ya fara ne daga waje. A watan Maris na 2021 aka buɗe gadar sama ta Pen Cinema, a watan Yuni na shekarar aka ƙaddamar da sabon layin dogo na Legas zuwa Ibadan mai tasha a Agege, ga kuma aikin jirgin cikin gari da ake yi a gefen wannan layin. Filayen da a da ba a kallo sai suka yi daraja, dillalai suka fara sallama a ƙofarmu suna tambayar mai gidan. Baba yakan ce musu gidan ba na sayarwa ba ne, a nan yake so a fitar da gawarsa. Abin da ya karya masa gwiwa shi ne dokar hana acaɓa da ta fara aiki ranar 1 ga Yuni 2022 a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja inda Yaya da 'yan hayarmu ke samun abincinsu. Cikin 'yan watanni biyu daga cikin 'yan hayar suka koma Arewa da bashin haya a kansu, cinikin tuwon Inna ya tsaya, Yaya ya sayar da babur ɗinsa da asara ya zauna ba aiki, sannan ruwan damina ya rushe katangar baya. Da dillalin ya sake dawowa da wani ɗan kasuwa da ke son rushe gidan ya gina shaguna, sai Baba ya ce a shigo da shi.

An daidaita a kan naira miliyan 38. Tun kafin a sa hannu jikokin mutanen da suka sayar wa Baba filin shekara arba'in baya suka bayyana, irin waɗanda ake kira omo onile, suka ce ba za a yi ciniki a ƙasar kakansu ba sai an ba su nasu. Lauya ya shaida wa Baba cewa tun 2016 jihar Legas ta kafa dokar da ta haramta irin wannan karɓar kuɗi, amma Baba mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana kauce wa rigima da 'yan gari, sai ya ce a sallame su. Bayan an cire nasu da la'adar dillali da kuɗin lauya, abin da ya shiga asusun Baba ya ɗan haura miliyan 33. Baba ba ya karatun boko, don haka ni ya miƙa wa wayarsa na karanta masa saƙon banki. Ya yi sujada ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya kira ni da sunan da yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa gare ni, ya ce, "Uwata, abu uku nake so. Ɗan ƙaramin gida a wajen Ifo inda fili ke da sauƙi, kujerar Makka ni da mahaifiyarku, sai jari ga kowannenku. Ki riƙe wayar nan, kada kowa ya ji adadin."

Sayar da gida ba abu ne da ke ɓoyuwa ba, tunda an ba mu wata uku mu tashi, kowa kuma yana ganin muna ɗaure kaya. Dillalin ya yi alfahari da cinikin a majalisarsu, Yaya ya gaya wa amininsa, Inna ta gaya wa 'yar uwarta ɗaya tak bisa amana. Kafin mako ya zagayo kuɗin sun zama miliyan 100 a bakin mutane. Daga nan tabarmar ƙofar gidanmu ba ta sake hutawa ba. Akwai masu buƙata ta gaskiya, matan da mazansu suka rasu da tsofaffin abokan dakon Baba, waɗannan ban taɓa jin haushin abin da ya ba su ba. Amma akwai waɗanda shekara da shekaru suna wuce Baba a bakin masallaci ba sa miƙa masa hannu, sai ga su suna kiransa Alhaji suna neman rance. Baba mutum ne mai kunya, bai iya cewa babu alhali an san akwai. Mutumin da ya sake ni da yarinya a goye, bai taɓa aiko mata ko sabulu ba, ya zo da kawunsa neman kome. Ƙanwata da ba mai zuwa zance wurinta saboda an san gidanmu ba za a samu kayan ɗaki ba, sai ga masu nema har da masu mota. Wani mai kiran kansa malami ya zo ya ce ya ga duhu a kan dukiyar, sai an yanka baƙin sa an yi sauka, Allah ya sa limamin unguwarmu ya ji labari ya tsawatar.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da zuwan Baffa, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da na yi wayo ban taɓa ganinsa a Legas ba, ko lokacin da Baba ya kwanta jinya, amma sai ga shi ya sauka da ɗansa saurayi. Bayan an ci abinci an yi gaishe-gaishe, ya ce a tara iyali yana da magana. Ya ce, "Yaya, ka san dai da kuɗin gonar mahaifinmu aka sayi filin nan. Na yi shiru shekaru ne saboda kuna ciki, amma tunda ya zama kuɗi, rabi nawa ne." Baba ya dube shi ya ce, "Ka ji tsoron Allah. Gonar tana hannunka har gobe, kai kake nomanta, ban taɓa tambayarka ko dami ɗaya ba. Filin nan da kafaɗata na saye shi." Aka kai magana gaban dattawan Zango, waɗanda wasunsu sun shaida cinikin 1982, suka tabbatar wa Baffa cewa ba shi da hujja. Amma da dare Baba ya kasa barci, ya ce ba zai iya haɗuwa da iyayensa a lahira yana gaba da ɗan uwansa saboda abin duniya ba. Ya sa na tura wa Baffa miliyan 3 don zumunci. A wurin Baba kyauta ce, a wurin Baffa kuwa ta zama shaidar cewa Baba ya amsa akwai haƙƙinsa, saura biyan ragowar. Ya koma ƙauye yana faɗin haka, ya bar mana ɗansa da sunan a nema masa sana'a. Baba ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya haɗa shi ɗaki ɗaya da Auta.

Abin da ya fi yi mini ciwo a wancan lokaci shi ne sauyawar Yaya. Ganin an ba Baffa, sai ya fara cewa shi ma a ba shi gadonsa tun yanzu. Liman ya zaunar da shi ya ce ba a cin gadon mai rai, idan kuma kyauta uba zai yi wa 'ya'yansa to ya yi adalci a tsakaninsu, ya kawo masa hadisin Nu'umanu ɗan Bashir inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida a kan kyautar da aka fifita ɗa ɗaya da ita. Yaya bai saurara ba. Abokansa sun riga sun cusa masa cewa tunda waya tana hannuna, ni da Inna muna kwashe kuɗin a ɓoye, shi maraya za a bar shi hannu wofi. Ranar da ya tsaya a tsakar gida ya ce wa Inna ai ba ita ta haife shi ba, Inna ta shiga ɗaki ta yi kukan da ban taɓa jin ta yi ba, matar da ta goye shi, ta yi masa kaciya, ta sayar da 'yan kunnenta ta saya masa babur na farko. Don a zauna lafiya Baba ya ba shi miliyan 5 a kan ya sayi Keke Marwa, wato adaidaita sahu, guda biyu, ya ja ɗaya ya ba da ɗaya haya. Sai ya sayi tsohuwar mota ta hawa, sauran kuma ya zuba a wata harka ta intanet da aka ce tana ninka kuɗi cikin wata ɗaya, duk da cewa da idonsa ya ga yadda MMM, wata harkar ninka kuɗi irinta, ta durƙushe a ƙarshen 2016 ta bar maƙwabtanmu cikin kuka. Kafin sabuwar shekara shafin ya rufe, motar kuma ta kwanta a garejin bakanike.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa mutanen da suka zauna lafiya shekara arba'in suka kasa zama lafiya wata uku. Abin da na fahimta shi ne, gidan ba ya rabuwa, don haka ba wanda ya taɓa lissafa rabonsa a ciki. Rijiya ɗaya muke ja, tukunya ɗaya ake ɗorawa, ba wanda zai ce wannan kusurwar tasa ce. Ranar da gidan ya koma lambobi a cikin waya, kowa ya iya rabawa da huɗu ko da biyu a zuciyarsa, kowa ya riga ya kashe nasa kason a tunani, duk naira ɗaya da aka ba wani sai ya ji kamar daga aljihunsa aka zare ta.

A watan Janairu na 2023 muka koma gidan haya a wajen Agbado, ɗaki biyu da falo, kafin a yi ginin Ifo. Baba ya biya miliyan 4 kuɗin fili, ya kuma ajiye miliyan 4 a matsayin kafin alƙalami na kujerun aikin Hajji. Sabuwar unguwar ba wanda ya san mu, mu ma ba mu san kowa ba. A tsohuwar unguwarmu da baƙo zai tsayar da yaro a hanya, mutum goma za su tambaye shi daga ina, amma a nan kowa harkar gabansa yake yi. Auta, wanda yake da shekara 13 a lokacin, ya ci gaba da zuwa Islamiyyarsa ta Agege da yamma saboda ya kusa sauka. Wannan kuwa shi ne lokacin da ƙasa ke cikin wahalar canjin kuɗi. Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa 31 ga Janairu a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, an kuma ƙayyade cewa mutum ba zai ciri fiye da naira 500,000 a mako ba. A aikace ko dubu ashirin mutum bai samu sai ya kwana a layin banki, masu POS kuma suna sayar da naira da naira.

Wata ranar Laraba a tsakiyar Fabrairu aka yi magariba Auta bai dawo ba, aka yi isha'i shiru. Malaminsu ya ce tun kafin la'asar sakaliya aka tashe su. Muna tsaye cirko-cirko wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare wayar Baba ta yi ƙara a hannuna. Mai maganar da Hausa ya yi ta, ya ce yaron yana wurinsu, ya sa shi ya yi magana muka ji muryarsa yana kiran Inna. Sannan ya faɗi abin da ya sa ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Bai ce miliyan 100 da mutanen gari ke faɗi ba, cewa ya yi sun san saura miliyan 13 a asusun, su yake so gaba ɗaya, kuma tsaba, ba turawa ta waya ba. Adadin daidai yake, ni da Baba kaɗai muka san shi, sai wanda ya taɓa ɗaukar wayar ya duba saƙonni.

A daren muka zauna a falo, Baba da Inna da Yaya da ni da ƙanwata da ɗan Baffa, muka yanke shawarar da asuba Yaya zai je ya sanar da 'yan sanda. Kafin a kira sallah wayar ta sake ƙara, mutumin ya ce ya ji za a je wurin hukuma, duk wanda ya taka ƙafarsa can to a shirya karɓar gawa. Daga wannan lokacin kowa ya fara kallon ɗan uwansa. Allah ya sani, zuciyar Inna da ta ƙanwata kan Yaya suka tafi, saboda an san ya yi asara kuma yana cike da fushi. Shi ma ya ga hakan a idanunsu, ya ɗauki Alƙur'ani zai rantse, Baba ya karɓe ya ce ba a gidansa ba. Ɗan Baffa kuwa shi ne mai zuba wa Baba ruwa a buta, shi ne mai share hawaye yana cewa a yi ta addu'a.

Bayan roƙo da magiya suka sauko zuwa miliyan 7, amma tara tsabar miliyan 7 a Legas a wannan mako, ana saura kwanaki kaɗan zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, aiki ne da ba zan so wa maƙiyina ba. Ni da Yaya muka bazama inda tsabar kuɗi ke yawo, kasuwar Mile 12 wurin masu tumatir da albasa da tattasai, da abbatuwar Oko-Oba wurin dillalan shanu. Muna tura musu ta waya suna ƙirgo mana takardu, tsofaffi da sababbi, ba mu iya faɗa musu dalili ba. Wasu sai mun tura naira dubu 125 kafin su ba mu dubu 100. Wani dattijo dillalin shanu, tsohon abokin Baba, ya dubi fuskata ya ce, "'Yata, ba zan tambaye ki ba, amma na san ba lafiya ba." Ya ƙirgo miliyan 1 cif ya ba ni bai ƙara ko kwabo ba, Allah ya saka masa da Aljanna. Kafin kuɗin su cika, abin da ya fita daga asusun ya kai miliyan 8 da rabi.

Yaya ne ya ce shi zai kai. Inna ta ce a nemi wani, ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, ƙanena ne. Idan akwai wanda zai mutu a kan kuɗin nan, ni ya kamata." Ya saka su a buhun shinkafa, ya hau babur ɗin aro cikin dare, suna juya shi ta waya daga wannan mahaɗa zuwa waccan har cikin wani daji bayan Sango Ota, inda suka sa shi ya ajiye buhun ya juya ba waiwaye. Da gari ya waye wata Bayerabiya mai sayar da koko a bakin titi ta kira mu, ta ce ga wani yaro ba takalmi ya ba ta wannan lambar. Mun same shi da shatar igiya a wuyan hannu da ƙafa, da cizon sauro ko'ina a jikinsa, ba ya magana sai kallo.

Washegarin dawowarsa ɗan Baffa ya ce zai je Zango ya sanar da malamai a yi godiya ga Allah, bai sake dawowa ba, wayarsa a kashe. Sai bayan kwanaki, ina shafa wa Auta magani, ya riƙe hannuna ya ce, "Yayata, ɗan Baffa ne fa ya zo ƙofar makaranta." Ɗan Baffa ya ce masa Baba ya faɗi an kai shi asibiti, ya zo su tafi, ya shigar da shi wata mota mai mutum biyu a ciki, shi kuma ya ce zai biyo su a baya. Yaron da suke kwana a katifa ɗaya, wanda Auta ke ɗebar masa abinci idan ya yi dare a waje. Da na gaya wa Inna, abin da ta iya faɗa kawai shi ne naka shi ke ba da kai, sannan ta tashi ta je ta nemi gafarar Yaya a kan zargin da ta yi masa a zuci. Baba ya kira Baffa, ni na riƙe masa wayar. Baffa ya ce sharri ne aka ƙulla wa ɗansa don a hana shi haƙƙinsa, ya ƙara da cewa da an ba kowa nasa tun farko da ba a kai ga haka ba. Ba na ɗora wa Baffa shirya wannan abu, domin ba ni da hujja a kansa, amma wannan kalma tasa ta shiga Baba fiye da duk abin da ya gabata.

Na tsaya kai da fata a kai ƙara. Dokar da jihar Legas ta kafa a 2017 ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai garkuwa da mutane, da hukuncin kisa idan wanda aka kama ya mutu a hannunsa, kuma sanin haka ne ya sa dangi suka taso daga ƙauye, har da Gwaggo da ba ta iya tafiya sai da sanda, suna roƙon a rufa asiri. Suka ce jini ɗaya ne, idan aka ɗaure shi sunan gidan gaba ɗaya ya ɓaci, ba mai auren 'ya'yanmu, tunda yaro ya dawo da ransa a bar wa Allah. Ba wanda ya shiga ɗaki ya duba yaron da ake magana a kansa, wanda ke firgita yana ihu cikin dare, ya koma fitsarin kwance. Baba ya ce ba zai iya zama sanadin ɗaure ɗan ƙanensa har mutuwa ba. Ina girmama mahaifina, na kuma san tausayi ne ya sa shi, amma har yau ina ganin an zalunci Auta sau biyu, kuma mutanen da aka bari suka ci miliyan 7 lami lafiya ba abin da zai hana su neman wani yaron.

A farkon azumin shekarar Baba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Aka karɓo kuɗin kujerun Makka aka shiga jinya da su. A goman ƙarshe na Ramadan, cikin watan Afrilu, Allah ya karɓi abinsa. An yi masa sallah a Agege aka binne shi a can, amma ba daga gidan da ya gina aka fitar da gawarsa ba, domin a lokacin an riga an rushe shi har an kafa ginshiƙan shaguna.

Bayan an biya asibiti da hidimar jana'iza, abin da ya rage naira miliyan 6 ne, sai filin Ifo wanda daga baya wani ya fito da takardu yana cewa shi ma an sayar masa, maganar tana gaban lauyoyi har yanzu. Liman ya raba gado kamar yadda Allah ya hukunta a Suratun Nisa'i. Inna ta samu tumuni, naira 750,000, Yaya da Auta kowanne miliyan 1 da dubu 750, ni da ƙanwata kowacce 875,000. Baffa ya aiko a tambayi nasa, Liman ya ce a gaya masa ɗan uwa ba ya gado inda mamaci ya bar ɗa namiji. Ba a jima ba aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, darajar naira ta faɗi, kayan masarufi suka tashi, kuɗin da ke hannunmu suka ƙara ƙanƙancewa. Na sayi keken ɗinki na lantarki da nawa, sauran na haɗa da na Inna muka biya hayar ɗaki ɗaya da falo. Masu neman auren ƙanwata sun watse tun kafin a yi sadakar bakwai. Yaya ya sayi Keke Marwa na hannu, yana ja tsakanin Agege da Iyana Ipaja, duk Juma'a yana kawo wa Inna cefane, ya zauna su yi hira, ko da yake ni da shi ba mu koma yadda muke a da ba.

Auta ya daina firgitar dare, amma bai koma Islamiyya ba, ba ya kuma shiga motar da bai san direbanta ba ko da tare muke. Wani malami ke zuwa gida yana ƙarasa masa karatun. Kasonsa yana ajiye a banki don makarantarsa, Liman da Yaya ne masu sa hannu. Ɗan Baffa yana ƙauye, an ce ya gina ɗaki na bulo ya sayi babur, bara har aka aiko mana da katin ɗaurin aurensa, Inna ta ce a mayar wa wanda ya kawo. Na adana lambobin da aka kira mu da su da saƙonnin banki na wancan mako, na kuma shaida wa Inna da Yaya cewa ranar da Auta ya mallaki hankalin kansa, idan ya zaɓi ya kai ƙara, zan raka shi in tsaya masa shaida. Yaya bai amince ba, yana ganin hakan saɓa wa abin da Baba ya bari ne, Inna kuma ta ce sai lokacin ya zo.